Tirela Mai Wuyan Raƙumi da Wurin Zaman Surukata

Shekara tara na yi ina tuƙa surukata a mota ɗaya, kullum in ban da Juma'a, kuma a duk tsawon shekarun nan ba mu taɓa yin magana baki da baki ba, in ka cire gaisuwa. Gaisuwar ma ni ina tsugune ina kallon takalmina, ita tana kallon bango tana amsawa, sai ka ce bangon ne ya auri 'yarta. Wanda bai san mu ba zai ɗauka gaba muke yi. Kunyar surukuta ce kawai. Inna ta taho da tata tun daga ƙasar Sakkwato tana amarya, ta zauna da ita a Makka shekara arba'in da ɗoriya ba ta bari ko gefenta ya yage ba.

Sana'armu ciyawa. Marigayi mijinta ne ya fara ta, tun suna zaune a kan dutsen Nakkasa. Muna zuwa bayan gari, wajen gonaki da filayen da manyan motoci ke sauke kaya, mu sayo barsim, busasshiyar ciyawar da ake matsewa dami-dami mai kusurwa huɗu, mu kai wa masu tumaki da awaki a kasuwar dabbobi. Abin da harawa take a gida shi barsim yake a nan. Ni da aikin direba na shigo ƙasar, Allah ya haɗa ni da autar gidan, na aure ta. Da Baba ya rasu sai sitiyari ya faɗo hannuna, amma hanci yana wurin Inna. Ita ce za ta cusa hannu cikin dami har gwiwar hannu, ta zaro tsinke uku, ta sansana, ta tauna ɗaya, ta ce wannan an ɗaure shi da sauran laima, cikinsa ya fara ruɓa. Mai kayan ya yi ta rantsuwa. A yanke igiya, a tarar da baƙi a ciki. Ni kuwa har yau ciyawa duk ƙamshinta ɗaya ne a wurina, ƙamshin atishawa.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, wanet inji mutanen nan, babba, mai ƙarfi, mai kujeru a gaba kawai, ba na baya. Lokacin marigayi Inna a gefensa take zama. Ranar da na fara ɗaukar makulli na buɗe mata ƙofar gaba, ta wuce ni kamar ba ta ga ƙofa ba, ta kama ƙarfe ta haye baya, ta shimfiɗa tabarmarta daidai bayan kan motar. Daga ranar nan wurin ya zama ɗakinta. Na sa aka yi mata 'yar rumfa ta ƙarfe da tamfol. Gilashin da ke tsakaninmu na liƙe shi da kwali don kada idanu su haɗu a madubi. In mun loda, sai a jera damman su kewaye ta kamar katanga, a bar mata fili daidai na sallaya, ita da butarta da filas ɗin shayinta. Damman da wurin zai ci muna barinsu a ƙasa kowane sawu, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Hanyarmu yawanci ta ƙasa ce, daga hosh ɗinmu, wato filin ajiya mai katanga da ke bakin gari, zuwa gonaki. In mun hau ɗan kwaltan da ba makawa sai ta saki tamfol ta yi shiru, ta zama dami cikin dammai.

Muna da hanyar fahimtar juna. In ta ƙwanƙwasa rufin mota sau ɗaya, tsaya. Sau biyu, tafi. Sau uku kuwa, ka yi shirme: ko na faɗa rami, ko na wuce kwana, ko dai wani laifin da sai na yi nazari zan gano. Maganar da ta fi ƙarfin ƙwanƙwasa sai ta zaro waya ta kira 'yarta a gidanmu na unguwar Misfala, 'yar ta kira ni. Tsakanina da Inna bai wuce kamu biyu ba, amma sai magana ta shiga gari ta zaga ta dawo. Matata, wadda aka haifa a nan, Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa, ba ta taɓa ganin hikimar abin ba. Ina ɗaukar waya zan ji ta tana huci, ga ƙarar tukunya a bayanta: "Ummi ta ce ka rage gudu, ya shaikh, shayinta ya zube. Halas, shi ke nan? Albasata na ƙonewa."

Akwai abu ɗaya da ko matar tawa ba ta sani ba. Motar tana da mukayyif, abin sanyin nan, kuma marigayi ya bar shi lafiya lau. Ranar farko na kai hannu zan kunna, sai na tuna tsohuwar da ke bayan kwalin, cikin ranar Makka wadda ke dafa ƙwai a kan bonet. Hannun ya dawo da kansa. Washegari ma haka. Ban yi alwashi ba, ban gaya wa kowa ba, abin ne dai ya ƙi yiwuwa. Na saba da sauke gilashi iska mai zafi ta yi ta marina. In na dawo gida riga sharkaf, matata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai gumi irina ba, ko in je asibiti ne a duba. Na ce gado ne, haka kakana yake.

Shekarar da nake ba da labari, tun watan Shawwal aka fara cika kasuwa da tumakin hadaya da na layya. Duk inda ka juya kuka ne, kuma kowane baki ciyawa yake nema. Muna yin sawu huɗu, wani lokaci biyar, kafin mu dawo na ƙarshe masu manyan motoci sun riga sun ƙosar da mutanenmu. Wata ranar da yamma muna sauke kaya a hosh, wani tsohon abokin cinikin marigayi ya zo ya ba Inna haƙuri, ya ce ya gaji da jira ya saya a wani wuri. Ba ta ce masa komai ba sai Allah ya sa albarka. Yana fita wayata ta yi ƙara.

"Ummi ta ce gobe ba ciyawa. Za ku je sina'iyya ku ga tirela."

Daɗi ya kama ni har kunne. Na daɗe ina mafarkin tirela. Direban da ke jan tirela ko gaisuwarsa daban ce a kasuwa.

Sina'iyya unguwar makanikai ce da masu walda, ko'ina tartsatsi da ƙarar guduma. Muka shiga wani fili inda ake ƙera tireloli ana kuma sayar da na hannu. Mai wurin wani dattijo ne ɗan ƙasa, mai tumbi da fara'a, da allin walda a bayan kunne. Ya nuna mana iri biyu. Akwai ƙarama, wadda ake maƙalawa a gindin mota, can ƙasa wajen bamba. Akwai kuma doguwa, shimfiɗaɗɗiya, mai taya takwas, wadda gabanta ya miƙe sama ya lanƙwaso ya sunkuyo. Ya ce waɗanda suka ƙirƙiro ta da wuyan dinya, tsuntsuwar ruwan nan, suke kwatanta ta. Inna ta kalle ta sama da ƙasa ta gaya wa iska cewa wanda ya raɗa sunan bai taɓa ganin raƙumi yana shan ruwa ba. Tun daga nan ta zama mai wuyan raƙumi a gidanmu.

Yadda Inna ke duba rago haka ta duba tirelar nan. Ta zaga ta sau biyu. Ta daki kowace taya da ƙafa. Ta hau sama, ni ina kallon wani waje don kada in ga suruka tana hawa, ta taka daɓen tun daga gaba har baya tana sauraren katako. Akwai wata irinta mai daɓen ƙarfe, ta ɗora tafin hannu a kai ta janye da sauri, ta ce wannan gasa ciyawa zai yi, kuma dami santsi zai riƙa yi a kansa. Ta ƙirga maƙalan igiya da ke gefe. Sannan ta durƙusa ta auna daɓen da kamu, gwiwar hannu zuwa yatsa, kamar mai sayen yadi, tana motsa baki. Mai wurin ya miƙo mata tef ɗin awo, ta ce ya riƙe abinsa. Da ta gama ta faɗi yawan damman da za su hau in an yi hawa huɗu. Ya danna wayarsa ya lissafa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Masha Allah. Uwarka ce?"

Na ce, "Surukata ce."

Ya ce, "To ka riƙe ta da kyau."

Tana can ƙarshen fili ta leƙa ƙarƙashin tirelar tana duba sifirin, shi kuma ya ja ni wajen motarmu don ya nuna mini aikin da za a yi. A tunaninsa wannan maganar maza ce. Ya haye baya, ya ɗaga tabarmar Inna da yatsa biyu ya ajiye gefe, ya zaro allinsa ya zana gicciye a tsakiyar daɓen motar, daidai saman tayoyin baya.

"Nan za mu huda, mu dasa ƙwallon ƙarfe. Wuyan ya shigo ya zauna a kai. Shi ya sa ba ta rawa, nauyin a kan ƙashin bayan motar yake. Wannan rumfar kuma za mu yanke."

Na ce, "To mutum fa?"

"Wane mutum?"

"In akwai mai zama a baya."

Ya yi dariya. Ya miƙa hannu ya share iska daga wannan gefe zuwa wancan. "Kana karya kwana wuyan nan zai share bayan motar kaf. Ko akuya ba ta zama a nan, ya akhi. Haram ma."

Na tsaya ina kallon gicciyen allin da tabarmar da aka ture gefe. Da ya sauka na yi maza na goge allin da tafin hannu na mayar da tabarmar yadda take, kamar wanda ya fasa tulu yana ɓoye gutsattsarinsa.

Daga nan na koma ɗan kamashon ƙaramar tirela, ba tare da kowa ya ɗauke ni aiki ba. Na kira matata. Inna ta dawo tana tsaye taku uku daga inda nake, wayarta a hannu tana jira.

"Ki ce mata ƙaramar nan ta fi sauƙin ajiya a hosh."

Wayar Inna ta yi ƙara. Na ji saƙona ya fito daga can, an rage masa ladabi an ƙara masa Larabci. Na ji amsar da kunnena, sannan na jira tawa wayar ta yi ƙara in sake ji.

"Ta ce hosh ɗin Baba garken raƙuma ya taɓa kwana a ciki."

"Ki ce lungun kasuwa da matsi, doguwa ba za ta juya ba."

Wannan karon mai wurin ne ya ci amanata. Ya ji abin da ake ciki, ya sa baki ya ce ai mai wuyan ta fi ƙaramar iya juyawa a matsi, don daga tsakiyar mota take lanƙwasa. Ya ƙara da cewa ƙaramar in an loda ta sama aka hau kwalta, babbar mota ta gifta, sai ta fara kaɗa wutsiya, ya ga waɗanda ta kifar. Inna ta gyaɗa wa tirelar kai.

Na ce, "Ki ce mata motar ta tsufa, kar a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta."

Wayata ta yi ƙara. Muryar matata har da dariya a ciki.

"Ummi ta ce motar marigayi ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ta ce in direba ne ke tsoron jan doguwa, ya faɗa, ba abin kunya ba ne, sai a nemo wanda zai koya mai."

Wallahi har ƙeyata na ji maganar nan. Ni da na yi shekara goma sha wani abu ina tuƙi tsakanin Kano da Legas kafin in zo ƙasar nan, ni za a koya wa? Zuciya ta ɗebe ni, na ɗaga murya na gaya wa taya ta gaba cewa ko jirgin ƙasa aka ɗaura mini zan ja. Inna ta juya ga mai wurin ta ce da Larabcinta mai ƙamshin Sakkwato, "Wagga muke so." Aka tsayar da magana. Ya ce a kawo motar jibi, kwana uku ya gama.

A kan hanyar komawa ta hau ɗakinta ta ƙwanƙwasa sau biyu, da ƙarfi, irin na mai farin ciki. Ni kuwa duk hanya ina zagin bakina.

Da magariba bayan mun ci abinci na zaunar da matata na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da zanen wuya da cokali a kan faranti. Na ce sai ta san yadda za ta gaya wa Inna. Ta ajiye kofin hannunta ta dube ni.

"La, la, la. Wannan saƙon ba da bakina ba."

"Haba, ke da kike kai kowane iri?"

"Shekara tara ni ce santaral, kowa ya buga sai ta kaina. Rage gudu, ƙara gudu, tsaya ta yi alwala. Na kai. Amma in je in ce wa Ummi ba ta da wurin zama a motar Baba? Me zan ce mata daga nan? Ta zauna a gida?"

Ba ta buƙatar ta ƙarasa. Mun ga zaman gidan Inna sau ɗaya, lokacin da aka yi mata aikin ido likita ya hana ta shiga ƙura sati biyu. Tun da aka rushe unguwarsu a Nakkasa, maƙwabtan shekara talatin suka watse, wasu Jidda, wasu gida, wasu ba a san inda suka yi ba, Inna ba ta da wurin da take kira nata. Ɗakin da take ciki a Misfala, ƙasa da namu, ba ta taɓa kafa ko ƙusa a bangonsa ba. A sati biyun nan ta zauna bakin taga tana kallon ƙafafun alhazai suna wucewa, abinci sai an yi da gaske take taɓawa, muryarta ta koma ta wata tsohuwa da ban sani ba. Ranar da ta koma bayan wanet ta yi faɗa da masu gona uku kafin azahar, ta dawo ta cinye kwanon shinkafa. Kowa a gidan ya san ranar da Inna ta daina zuwa ciyawa kwanciya ce ta zo.

Matata ta ce, "To ta shiga gaba mana. Kujera ce, ba wuta ba."

"Ki gaya mata haka."

"Kai za ka gaya mata. Kana da baki, na gani, yanzu ka gama cin kabsa da shi. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Gaba kura, baya sayaki. In na ce Inna ta huta a gida, na kori mace daga sana'ar mijinta, ni da na shigo gidan da jaka ɗaya. In na ce ta zo ta zauna kusa da ni kafaɗa da kafaɗa, na zama surukin da ba shi da ta ido, kuma ta riga ta ba ni amsar wannan tun ranar farko ba tare da ta buɗe baki ba.

Kwana ukun nan ba dabarar da ban yi tunani ba. Na koma wurin mai walda na tambaye shi ko za a iya ɗora kujera a saman wuyan tirelar, a kewaye ta da ƙarfe, a kafa lema. Ya yi dariya har da tari, ya kira ma'aikatansa su zo su ji. Da ya gane da gaske nake, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya akhi, uwar matarka muharramarka ce. Ko Madina kuka tafi ku biyu shari'a ta yarda." Na ce na sani, shari'a ta yarda, Sakkwato ce ba ta yarda ba. Na yi tunanin a sayar da motar a sayi mai kujerar baya, sai na tuna na taɓa aika wannan saƙon shekarun baya, amsar da ta dawo ita ce motar marigayi ba ta sayarwa ba ce, a daina. Sau biyu ina sauka har ƙofar ɗakinta, in yi sallama, in tsuguna, in gaishe ta, in ƙara gaishe ta, in tambayi lafiyar idon da ya warke tun bara, in tashi in tafi.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na riga ta isa hosh. Tirelar tana ɗaure, doguwa, sabon fenti yana ƙyalli, wuyanta ya tsallako ya dafe tsakiyar motar. Inda rumfa take sai tabon walda huɗu. Na shiga na zauna a sitiyari na ɓare kwalin gilashin baya, don yanzu dole in riƙa ganin wuyan. Karo na farko ke nan da na ga bayan motar daga inda nake zaune.

Gari ya fara haske sai ga ta, da baƙar abayarta, tabarma a hammata, filas da buta a hannu. Ta zaga tirelar tana shafa gefenta. Ta zo wajen da ta saba kama ƙarfe ta hau, ta ɗaga hannu, sai hannun ya tsaya a sama. Ta dubi wuyan. Ta dubi tabon walda. Ta bi wuyan da ido daga ƙwallon har inda zai kai in an juya, na ga ta gane komai cikin ƙiftawar ido, don Inna ba a yi mata bayani sau biyu. Ta sauke hannun a hankali. Ba ta yi faɗa ba, kuma faɗan na fi so. Ta gyara tabarmar a hammatarta, ta juya ta fuskanci ƙofar hosh, ta tsaya. A madubi na ga ƙanƙantarta. Ban taɓa lura ba cewa Inna 'yar ƙaramar mace ce.

Ta zaro waya ta danna. Na san inda kiran ya tafi, na kuma san ba za a ɗauka ba, don matata ta kashe tata tun dare ta ce mu ƙarata. Inna ta sake dannawa. Ta mayar da wayar jaka, ta fara takawa wajen ƙofa.

Ban san lokacin da na fito ba. Na zaga na buɗe ƙofar gaba, wadda na buɗe shekara tara da suka wuce, na tsuguna a gefenta. Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

"Inna."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Inna, ni ban san ciyawa ba. In na tafi ni kaɗai ruɓaɓɓiya za su loda mini, su yi mini dariya. Don Allah ki shigo gaba."

Na ji tumakin maƙwabta suna kuka, na ji wata babbar mota ta wuce a titi. Gwiwoyina suka fara ciwo. Can sai na ga takalmanta sun juyo. Ta wuce ni tana kallon katanga, ta ajiye buta da filas a ƙasan kujera, ta shiga. Ba tare da ta duba ba ta kai hannu ƙarƙashin kujerar ta ja wani ƙarfe, kujerar ta zame gaba ta tsaya ƙas a inda ta bar ta zamanin marigayi. Sannan ta kafa naɗaɗɗiyar tabarmar a tsaye tsakanin wurinta da nawa.

Na shiga na rufe ƙofa, na manne da tawa kamar zan fita ta taga. Ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa gaban mota sau biyu.

Tirelar ta biyo mu lafiya, ba rawa ba gardama. A kwanar fita daga hosh ta lanƙwasa ta wuce ba ta taɓa ginshiƙi ba, na ji Inna ta ce "uhm" ta bayan tabarma. Muka bar kwalta muka kama hanyar gonaki. Rana ta ɗago, ƙarfen mota ya fara ɗaukar zafi. Ta gefen ido na ga tana fifita da bakin mayafi. Can ta yi gyaran murya ta gaya wa gilashin gaba:

"Ana ta cewa gaban mota da sanyi. Zamanin marigayi har rawar ɗari nikan yi a nan."

Ba yadda zan yi. Na ɗaga gilasai, na kai hannu na murɗa makunnin. Da ƙyar ya juya. Wani abu ya yi gurnani a cikin motar, ya yi tari sau biyu, sai kawai ya feso mana ƙurar ciyawar shekara tara. Ƙaiƙayi da busassun ganye da gawar ƙwari suka cika gaban motar. Na taka birki ina atishawa, ita ma tana yi. Abayarta ta koma kore-kore, gemuna ya zama kamar sheƙar tsuntsu. Sanyi kuwa ko ɗigo, iska mai zafi ce ke fita da warin tsohon buhu.

Na kashe. Ƙurar ta fara kwantawa. Inna ta karkaɗe hannun rigarta, ta daɗe tana kallon ramukan da ƙurar ta fito. Ta zaro waya ta dube ta, ta mayar jaka. Sai na ga tabarmar ta karkata, ta kwanta a kan cinyarta.

"Kai," ta ce. Ni take nufi, ba gilashi ba. "Yaushe rabonka da kunna abin ga?"

Na dubi sitiyari. "Tun ranar da kika hau baya, Inna."

Na ji numfashinta ya canza. Ta ja bakin mayafi ta goge ido, ta ce ƙurar banza, duk ta shige mata ido, wanda aka yi wa aiki ma. Ta goge ɗayan. Sannan ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa gaban motar sau uku, a hankali, yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar mai barci.

"Gobe ka kai shi gyara," ta ce. "Ja mu tafi, ɗana, kar su sayar da mai kyau kafin mu isa."